Izinin gini a ƙananan biranen Najeriya: Dokoki, takardu da matakan duba aiki

Duk wanda ke son kafa gini a cikin yankin da gwamnatin jiha ta ayyana a matsayin birni a Najeriya, doka ta wajabta masa ya nemi izini a rubuce kafin ya haƙa harsashi, ko da kuwa filin na gado ne.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga Abuja da Legas da Kano kawai ba. Ta shafi garuruwa irin su Dutse da Funtua da Azare da Potiskum da Kontagora, inda unguwanni ke ta faɗaɗa suna cinye gonakin da ke kewaye da su.

To sai dai a irin waɗannan garuruwa, gidaje da dama an gina su ne ba tare da wani jami'i ya taɓa ganin zanensu ba. Galibi mai gida ba ya tunawa da batun izini sai ranar da ya je neman rance a banki, ko ya tashi sayar da gidan, ko kuma ya wayi gari ya tarar da jan fenti a jikin katangarsa.

Asalin dokar

Sa ido a kan gine-gine ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai sarautar Sarkin Magina a birane irin su Kano da Zariya, kuma alƙalai kan yanke hukunci a rigingimun maƙwabta bisa fiƙihun Malikiyya: indararon da ke zuba a gidan wani, tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, masai da aka haƙa kusa da rijiya, ko dakalin da ya ci hanya. Tushen hukunce-hukuncen shi ne hana cutarwa. Akwai ma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ƙayyade faɗin hanya da kamu bakwai idan aka yi saɓani a kanta. Wani magini na birnin Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda.

Tsarin takardu da ofisoshi kuwa ya samo asali ne daga mulkin mallaka. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta kasa garuruwa aji uku, ta kuma ba jami'an gwamnati ikon kula da gine-gine da tsafta a cikinsu. A wancan lokaci an fi mai da hankali ga unguwannin Turawa da na 'yan kasuwa, aka bar tsofaffin birane na cikin ganuwa a hannun hukumomin gargajiya. Ana ganin sawun wannan rarrabuwa har yau a bambancin da ke tsakanin titunan GRA da lungunan cikin gari. A 1946 aka yi dokar tsara birane da karkara, wadda aka ɗauko salonta daga Ingila.

Dokar da ta zama ginshiƙin tsarin yanzu ita ce ta tsara birane da yankuna ta 1992, wadda gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa a matsayin doka mai lamba 88. Ita ce ta tanadi cewa a kowane mataki na gwamnati a samu sashen kula da gine-gine, kuma kada a yi wani aiki a kan fili sai da amincewarsa.

A watan Yunin 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, inda ta ce tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, sai dai a Abuja inda tarayya ke da iko. Ma'anar wannan hukunci ga mai gini ita ce babu ƙa'ida guda da ta game ƙasar baki ɗaya. Abin da ake nema a Gusau yana iya bambanta da na Damaturu, ko da yake jihohi da yawa sun kwaikwayi tanade-tanaden dokar ta 1992 a nasu dokokin.

Haka batun yake ga kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Kundin ya fayyace ingancin kayan aiki da aikin kowane ƙwararre da matakan dubawa, amma ƙarfinsa a kowace jiha ya dogara ne ga ko jihar ta mayar da shi doka.

Fili kafin gini

Mafi yawan masu neman izini a ƙananan birane a nan suke tuntuɓe, domin hukuma ba ta duba zane sai ta tabbatar mai neman yana da hakki a kan filin.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Filayen da ke cikin yankin birni gwamna ne ke ba da hakkin zama a kansu, kuma shi ne ke sa hannu a takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O, wadda yawanci wa'adinta shekaru 99 ne. Filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardarsu. Gwamna ne dai ke da ikon shata iyakar abin da ake kira birni, kuma a jihohi da dama an ayyana hedikwatocin ƙananan hukumomi a matsayin birane. Don haka takardar da ƙaramar hukuma ta bayar a kan fili tana iya rasa ƙarfi idan aka gano filin yana cikin da'irar birni tun kafin a ba da ita.

A bakin jama'a filaye iri biyu ne: awon gwamnati da awon igiya. Na farko shi ne wanda hukuma ta yanka bisa taswira, ta ware tituna da magudanan ruwa da filin makaranta da na maƙabarta, ta ba kowane fuloti lamba. Na biyu kuwa gona ce da mai ita ko magada suka yayyanka tare da dillalai, aka sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci. Awon igiya ya fi araha, ya fi saurin samuwa, kuma shi ne ya samar wa talakawa da ƙananan ma'aikata muhalli a lokacin da gwamnatoci suka kasa yanka filaye daidai da ƙaruwar jama'a. Illarsa ita ce mai gona yana son ya fitar da fuloti da yawa, saboda haka hanya ce ke shan wahala. Akwai unguwannin da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, wasu ma da ƙyar ake fita da makara.

Takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani a gaban alƙali wajen tabbatar da cewa an yi saye da sayarwa. Amma ita kaɗai ba kasafai take wadatarwa a ofishin ba da izini ba. Mai irin wannan fili yakan bi matakin daidaita takardu: safiyo mai rajista ya auna filin, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira, sannan ma'aikatar ƙasa ta bincika ko wurin bai faɗa cikin wani tsari na gwamnati ba. Idan kuma filin yana da C of O da sunan wani aka saya, doka ta ce sai an nemi yardar gwamna kafin mallaka ta koma hannun mai saye.

Girman matsalar ya fito fili a bayanin da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta yi a 2024, cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen Najeriya ba su da rajista. Abuja ta fara mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta da kafa hukumar AGIS a 2003, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kano da Nasarawa da Gombe suka bi sahu. Ofisoshin waɗannan hukumomi dai sun fi ƙarfi a manyan biranen jihohi, kuma mutumin ƙaramin gari yakan yi ta zirga-zirga zuwa hedikwata.

Wa ke ba da izini?

Kowace jiha tana da hukumar tsara birane. A Kano ana kiranta KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, a Jos da kewaye kuma JMDB. A ƙananan birane akan samu ofishin shiyya, wanda ke karɓar takardu ya duba ƙananan gidaje da kansa, ya tura manyan ayyuka kamar benaye da gidajen mai da makarantu zuwa hedikwata.

Ƙanƙantar gari ba lallai ta zama cikas ba. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2014 kan sauƙin kasuwanci a jihohin Najeriya, Jigawa ce ta zo ta ɗaya wajen sauƙin samun izinin gini, kuma a Dutse aka yi awon. A rahoton 2018 jihar Neja ce ta ɗare wannan matsayi. Sai dai ya kamata a lura cewa binciken ya auna ne tsawon lokaci da kuɗin da kamfani mai cikakkun takardu zai kashe wajen gina sito, wanda lamarinsa ya sha bamban da na malamin makarantar da ke tara bulo a filin awon igiya. Bankin ya daina fitar da irin wannan rahoto a 2021.

Ba sabon gini kaɗai ke buƙatar izini ba. Ɗora bene a kan tsohon gida, fasa katanga a fitar da shaguna, mayar da gidan zama makaranta ko asibiti ko otal, duk suna cikin abin da doka ta kira raya fili.

Takardun da ake gabatarwa

Bayan shaidar mallaka da taswirar safiyo, abu na gaba shi ne zanen gini. Akwai zanen da ke nuna tsarin ɗakuna da fuskar gida da mazauninsa a cikin fili, wanda mai zanen gine-gine da ke da rajista da hukumar ARCON zai buga wa hatimi. Akwai zanen ƙarfin gini, mai nuna harsashi da ginshiƙai da adadin rodi da kaurinsa, wanda aikin injiniya ne mai rajista da COREN. Ga benaye da gine-ginen jama'a akan ƙara da zanen wutar lantarki da na famfo, da sakamakon gwajin ƙasa, da amincewar hukumar kashe gobara. Jihohi da yawa suna neman rahoton mai tsara birane kan yanayin wurin, da kuma takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku.

Dokar 1992 ta ce manyan ayyuka, kamar rukunin gidaje a filin da ya wuce kadada 2, ko masana'anta, ko ginin ofis da ya haura hawa 4, sai an haɗa da rahoton tasirinsu ga muhalli.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, inda mai zane marar rajista zai yi aikin, sannan a biya wani ƙwararre ya buga hatimi ba tare da ya nazarci zanen ba. Takarda takan wuce a ofis, amma lissafin da ya kamata ya tabbatar ginshiƙi zai iya ɗaukar nauyin da za a ɗora masa ba a yi shi ba.

Kuɗin izini ya danganta da faɗin ginin da unguwar da yake da kuma abin da za a yi da shi, kuma gidan kasuwanci ya fi gidan zama tsada. Ana biya ne a asusun gwamnati a karɓi rasit. Kuɗin da aka miƙa a hannu ba shi da wata shaida ranar da rigima ta taso.

Dokar ta 1992 ta ba hukuma watanni 3 ta yanke shawara, kuma idan ta ƙi amincewa wajibi ne ta bayyana dalili a rubuce. Izinin da aka bayar yana aiki na tsawon shekaru 2. Wanda bai fara gini a cikin wannan wa'adi ba sai ya sabunta. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci a garuruwan da mutum kan shafe shekara goma yana gini, bana harsashi, baɗi linta, rufi kuma sai an sayar da amfanin gona.

Abin da ake dubawa a zane

Jami'in tsara gari yakan fara ziyartar filin ya tabbatar yana nan inda taswira ta ce, kuma babu rigima a kansa. Daga nan sai ya duba tazarar da aka bari tsakanin gini da titi, da tsakaninsa da iyakar maƙwabta, da kason filin da ginin ya cinye, da iska da haske a ɗakuna, da inda ruwan wanka da na sama za su bi.

Wasu tazarar dokokin tarayya ne suka ƙayyade su. A manyan hanyoyin tarayya an hana gini cikin mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare. Layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 yana da haramin mita 50, wato 25 ta kowane gefe, mai kilobolt 132 yana da mita 30, ƙananan layuka masu kilobolt 33 da 11 kuma mita 11. Wanda ya gina a ƙarƙashin waya ba shi da hujjar neman diyya idan aka zo rushewa.

Batun ramin bayan gida da rijiya shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ya fi taɓa lafiyar mutane kai tsaye. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar da ba ta gaza mita 15 ba tsakanin su, wasu ƙa'idojin ma sun ce 30. A fuloti mai ƙafa 50 da 50 wannan da wuya ya yiwu, musamman idan maƙwabci ya haƙa nasa ramin a jikin katanga. A garuruwan da ruwan famfo ba ya zuwa, kowane gida da rijiyarsa ko burtsatse, wannan cuɗanya tana cikin hanyoyin yaɗuwar kwalara da taifot da damina. A da aikin duba-gari ne su hana irin haka, kuma har yanzu a wasu jihohi ana buƙatar sa hannun jami'in lafiyar muhalli a kan zane.

Hanyar ruwa ma haka. Filin fadama da na bakin rafi sukan yi araha da rani, dillali kuma ba zai faɗa wa mai saye inda ruwa ya kai a daminar shekaru biyar da suka wuce ba. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliya ta share wasu unguwanni a garin Mokwa na jihar Neja, inda aka tabbatar da mutuwar fiye da mutane 150. Bayan kowace irin wannan masifa hukumomi kan yi gargaɗi kan gini a hanyar ruwa, amma matakin da ya fi arha shi ne hana izini tun kafin a zuba yashi.

Duba aiki mataki-mataki

Samun takardar izini rabin tafiya ne. Bisa ƙa'ida, mai gini zai sanar da hukuma ranar da zai fara, ya kafa allo mai ɗauke da lambar izini da sunayen ƙwararrun da ke kula da aikin, ya kuma ajiye kofin zanen da aka buga wa hatimi a wurin.

Dubawar farko ita ce ta shata gini, lokacin da aka kafa turaku aka ja igiya. A nan ake tabbatar da cewa ginin yana cikin iyaka kuma an bar tazarar da zane ya nuna. Kuskuren ƙafa biyu a wannan mataki igiya kawai za a matsar, amma bayan an kai linta sai dai guduma.

Ta biyu ita ce ta ramin harsashi kafin a zuba kankare. Jami'i zai duba zurfi da faɗi da irin ƙasar da aka tarar. Ƙasa mai tsakuwa ko marmara tana ɗaukar nauyi, amma tsohon kududdufi ko bolar da aka cike ba su da tabbas. A sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe, wadda ke tsaga bango komai kyan bulonsa idan ba a yi mata harsashi na musamman ba.

Daga nan akwai dubawa a matakin daɓen ƙasa da na linta. Mafi muhimmanci a ginin bene ita ce wadda ake yi bayan an ɗaure rodi, kafin a zuba kankaren ginshiƙai da na rufin hawa. Dalili kuwa a bayyane yake: da zarar kankare ya rufe rodi babu mai sake ganinsa. Injiniya zai ƙirga sandunan, ya auna kaurinsu da tazararsu, ya duba yadda aka haɗa su a kan ginshiƙi, da kuma ƙarfin katakon da ya tallafe su. Maye gurbin rodi mai milimita 16 da mai 12 yana rage ƙarfen da ke wurin da kusan rabi, ko da yake a ido bambancin kaɗan ne.

Kankaren kansa yana da ƙa'ida. Haɗin da aka saba amfani da shi a ƙananan gine-gine shi ne kaso ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Yashi mai laka, ko ruwa da ya yi yawa don leburori su ji sauƙin juyawa, duk suna raunana shi. A manyan ayyuka akan ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 7 da kwana 28, domin a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfinsa. Yana kuma buƙatar a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko, abin da ya fi zama dole a zafin bazara da iskar hunturu, lokacin da danshi ke gudu da wuri. Cire katakon tallafi tun kankare bai ƙosa ba, don a kai shi wani aikin, yana daga cikin sanannun dalilan ruftawar gini.

Bulo ma abin dubawa ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON tana da ma'auninta, amma yawancin masu buga bulo a ƙananan garuruwa babu mai gwada kayansu, kuma gasar farashi tana sa su ƙara yawan bulon da suke fitarwa daga buhu guda. Tsofaffin magina suna da nasu gwajin: a ɗaga bulo a sake shi, ko a murza gefensa da yatsa a ga ko zai zube.

Bayan rufi da wayoyin lantarki da famfo sai dubawar ƙarshe, wadda daga ita ake ba da takardar shaidar kammalawa da dacewar shiga. A ƙananan birane wannan takarda ta yi ƙaranci ƙwarai a gidajen zama. Mutane kan tare tun ana shafe, wani lokaci ma da rabin gidan babu rufi.

Jan fenti da rusau

Idan hukuma ta tarar da gini babu izini, ko ya saɓa wa zanen da aka amince da shi, tana ba da takardar dakatar da aiki, kuma alamar da jama'a suka fi sani ita ce jan fenti a bango. Matakin da ke biye ya danganta da girman laifin. Ginin da bai tare hanya ba kuma ba shi da haɗari, akan nemi mai shi ya kawo zane ya biya tara a daidaita masa. Wanda ya ci titi ko magudanar ruwa ko ya zama barazana ga rayuka, hukuncinsa rushewa ne bayan an ba da sanarwa a rubuce. Mai ginin yana da damar kai ƙorafi ga hukumar ko ya garzaya kotu, kuma kotuna sun sha hukunta gwamnatoci saboda rushe gini ba tare da bin matakan sanarwa ba.

Rusau ya shiga bakin jama'a sosai ne a lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007. A watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shaguna da gine-gine a filayen da gwamnatin da ta gabace ta ta sayar, ciki har da na filin Idi, inda daga baya wata babbar kotun tarayya ta umarci jihar ta biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30. Wannan lamari ya nuna cewa takarda ba ta hana siyasa taɓa gini, amma ita ce abin da mai gini zai riƙe a gaban alƙali.

Inda tsarin ke rauni

Ruftawar bene mai hawa 21 a unguwar Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021, wadda ta kashe mutane fiye da 40, ta sa ana kallon matsalar kamar ta dogayen gine-gine ce. Amma ginin makarantar da ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos ranar 12 ga Yulin 2024, ya hallaka mutane 22, galibinsu ɗalibai, ba wani dogon bene ba ne. Irinsa ne ake ginawa a kowane ƙaramin gari: makarantu masu zaman kansu, Islamiyyu, ɗakunan taro da shaguna masu hawa ɗaya ko biyu, waɗanda sau da yawa suka fara a matsayin gidan ƙasa aka ɗora musu bene daga baya a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba.

Ofishin shiyya a ƙaramin birni yakan kasance da ma'aikata ƙalilan, wani lokaci babu injiniya ko ɗaya, babu motar zagaye, alhali yankin da ke ƙarƙashinsa ya haɗa ƙananan hukumomi da dama. Idan mai gini ne zai ɗauko jami'i a motarsa ya kuma ba shi na mai, da wuya jami'in ya ce a fasa abin da aka ɗaura. Ga kuma sanayya: a garin da kowa ya san kowa, dakatar da ginin wani attajiri ko na masallacin unguwa yana buƙatar ƙarfin hali da goyon bayan na sama. Ƙungiyoyin ƙwararru sun daɗe suna kukan cewa gwamnatocin jihohi sun fi kallon izinin gini a matsayin hanyar samun kuɗin shiga, shi ya sa ake matsa lamba wajen karɓar kuɗi, a yi sako-sako da zuwa duba rodi.

Ginin ƙasa na gargajiya, na tubali da azara, kusan ba shi da gurbi a cikin fom ɗin hukuma, duk da cewa har yanzu miliyoyin mutane a cikinsa suke kwana, kuma shi ne ya fi faɗuwa a watan Agusta idan ruwa ya jiƙa gindin bango. A tsofaffin unguwanni masu unguwa ne ke sasanta rigimar iyaka da ta kwata, kuma hukumomi a jihohi da dama suna neman taimakonsu wajen sanar da sabon ginin da ya taso a kan hanya.

Akwai kuma batun inshora da mutane kaɗan suka sani. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa mai gina benen da ya wuce hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya diyya idan aikin ya jawo rauni ko mutuwa ko ɓarnar dukiyar wasu, ta kuma wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga, kamar makarantu da asibitoci da otal-otal da gidajen haya. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin ta 2003, kuma ta ci gaba da wajabta waɗannan nau'o'in inshora biyu. Ga waɗanda ke ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisin hukumar NAICOM da ke ba da kariya ga gine-gine bisa tsarin Musulunci.